Namun dajin Gashaka-Gumti da Mambila: sun ƙare ne, ko neman ne ba a iya ba?

Baban Sadik: Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ake yawan yi, wai Gashaka-Gumti suna kawai ya rage. Mutum zai sha hanya daga Jalingo ta Bali har Serti, ya kwana biyu, ya dawo bai ga komai ba sai gogo a bakin hanya. To masana, dabbobin ne suka ƙare, ko masu zuwan ne ba su san inda za su duba ba? Kuma da wace hujja ake cewa akwai dabba kaza alhali ba wanda ke ganinta?

Ɗan Serti: Wa alaikumus salam, Baban Sadik. Masu wannan magana Yankari suke ɗauka a ka su zo da shi. A Yankari ƙasa shimfiɗe take, da rani dabbobi na taruwa a kogin Gaji, kana cikin mota kana kallo. Gashaka-Gumti ba haka yake ba. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a gandun dajin ƙasa na Najeriya, ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma hawa-hawa yake. An kafa shi a 1991 da aka haɗe gandu biyu, Gashaka da Gumti. Ɓangaren Gumti na arewa, wanda ake shiga ta Toungo, dajin itatuwa ne da ciyawa: nan ne mazaunin gwanki, kanki, maraya, gadu da jan biri. Ɓangaren Gashaka na kudu kuwa kwazazzabai ne da kurmi mai duhu, yana ta hawa har ƙololuwar Chappal Waddi, mita 2,419, wuri mafi tsawo a Najeriya. Kowane hawa da nasa. Ɓauna da gwambaza da mazo suna bin bakin kurmi da gaɓar rafi. Dorina tana kogin Kam. Gadar dutse da agwada sai kan falalen duwatsu. Kwanta-rafin dutse sai filayen ciyawa na can sama. Wanda ya tsaya a ƙauyen Gashaka ya ce yana neman gwanki, ya ɓata lokacinsa tun kafin ya fara.

Baban Sadik: To ai ko a kurmin ba a ganin komai, Malam.

Malama Hauwa: A kurmi kunne ake fara sa wa aiki kafin ido. Birai iri bakwai ne manya a gandun: biri mai ganga, gogo, baƙin biri mai farin tabo a hanci, gimciki, biri mai roro, kirka da jan biri. Biyar na farko duk za ka iya jin su a kurmin Kwano, a ɓangaren Gashaka, kafin hantsi, in ka fita da asuba ka rufe bakinka.

Biri mai roro shi ne mafi sauƙi. Baƙi ne mai farin gashi dogo a kafaɗa da bakin wutsiya, ganye ne yawancin abincinsa, saboda haka ba ya yawo da nisa. Da asuba namijin kan yi wani dogon gurnani mai mirginawa, na garken maƙwabta ya amsa. Ka riƙe inda sautin ya fito, da rana ta ɗaga za ka same su a saman bishiya suna shan hantsi.

Baƙin biri kuwa kukansa ma an yi bincike a kansa a wannan gandun. Kate Arnold da Klaus Zuberbühler sun wallafa sakamakon a 2006. Namijin yana da kira iri biyu, ɗaya mai kaifi kamar "piyau", ɗaya gajere mai kaushi kamar "hak". Jerin "hak" yawanci gaggafar kurmi ce a sama, wadda birai ne abincinta. Jerin "piyau" kan zo idan haɗarin na ƙasa ne, irin damisa. Amma in ya haɗa su, 'yan "piyau" sannan 'yan "hak", garken tashi yake yi ya bar wurin. Amfanin sanin wannan ga mai kallo: ka ji "hak" a jere, ɗaga kai sama, wataƙila ka ga gaggafar.

Sani Mai Kyamara: Malama, biri mai ganga fa? Shi ne kowa ke tambaya.

Malama Hauwa: Shi kam kada a yi wa kowa alƙawari. Na Gashaka ba su saba da mutane ba, suna jin motsinka sun sulale. Wannan jinsi na Najeriya da Kamaru shi ne mafi ƙarancin yawa a cikin jinsunan biri mai ganga huɗu, ƙiyasin da ake ambata tsakanin 3,500 ne zuwa 9,000 a duniya duka, kuma Gashaka na cikin manyan mafakarsa. Abin da za ka samu shi ne alamunsa. Na farko ihu da dukan saiwar bishiya mai faɗi, ana jin sa daga nesa, musamman da sassafe da yamma. Na biyu sheƙa: kowane babba yana lanƙwasa rassa ya yi sabon makwanci kusan kowane dare. Na uku sanduna. Masu binciken da Volker Sommer ya jagoranta a Kwano tun shekarar 2000 sun nuna cewa na Gashaka suna zura sanda su kwaso kwarkwasa, suna kuma haƙo zumar galla da ta ƙudan zuma da sanda, amma ba sa kamun gara a suri yadda na wasu ƙasashe ke yi, alhali garar tana nan. In ka ga sanda an zage mata ganye, bakinta ya tattauje, a gefen ramin da aka tona, to ya wuce ta nan.

In Allah ya sa aka yi kaciɓis, a tsaya nesa, aƙalla mita 10, kuma mai mura ko tari kada ya shiga kurmin sam. Murar da za ta kwantar da mutum kwana biyu tana iya kashe su.

Malam Buba: Bari in ɗora kan tambaya ta biyu, ta hujja. Da sheƙar nan ake ƙirga biri mai ganga. Ana yanka layi miƙaƙƙe a kurmi, a ce kilomita 2, a bi shi a hankali, kilomita ɗaya a awa ko ƙasa da haka. Duk sheƙar da aka hango sai a auna nisanta daga layin a miƙe da tef, ba da ƙiyasin ido ba, a rubuta tsufanta: sabuwa mai ɗanyen ganye da kashi ko fitsari a ƙasa, mai ganyen da ya fara bushewa, mai ruwan ƙasa, ko wadda rassa kawai suka rage. Daga nan a fitar da yawan sheƙa a kowane murabba'in kilomita, a raba da abu biyu: sheƙa nawa biri ɗaya ke yi a rana, wanda ake ɗauka ɗaya da ɗan ɗori, da kwana nawa sheƙa ke yi kafin ta ɓace. Misali kawai: sheƙa 110 a murabba'in kilomita, kowace na kwana 100, biri na yin 1.1 a rana, ka ga biri ɗaya ke nan a murabba'in kilomita.

Inda ake faɗuwa shi ne kwanakin ruɓewar. Da damina sheƙa na saurin lalacewa, da rani tana daɗewa, kuma ya danganta da irin bishiyar. Wanda ya aro lissafin wani kurmi na Yuganda ya ɗora a kan Gashaka zai iya ninka yawan biran ko ya raba shi biyu bai sani ba. Kuskure na biyu, bin hanyar mafarauta ko ta shanu maimakon layi miƙaƙƙe don gudun wahala. Dabbobi na kauce wa hanyar mutane, sai lissafi ya fito ƙasa.

Sani Mai Kyamara: Na ƙasa da masu yawon dare kuma sai kyamarar tarko, wadda ke ɗauka da kanta in ta ji ɗumin jiki yana motsi. Da ita aka tabbatar da damisa, kyanwar kurmi mai ruwan zinariya, da babban ɗan kunya a gandun. Ga yadda ake ɗaura ta.

Tsayi santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, a jikin bishiya mai kauri da iska ba ta kaɗawa. Nisa daga hanyar dabbar mita 3 zuwa 5. Kada ta kalli hanyar a gicciye, a karkata ta yadda dabbar za ta daɗe a gabanta, in ba haka ba wutsiya kawai za ka samu. Ta fuskanci arewa ko kudu. In ta kalli gabas ko yamma, fitowar rana da faɗuwarta za su riƙa tayar da ita, hotuna su fito fari fat. A share ciyawa da ƙananan rassa a gabanta, don ganyen da rana ta ɗumama yana kaɗawa zai cika memori da dubban hotunan banza cikin 'yan kwanaki. Batirin litiyam ya fi, na gama-gari kan mutu da wuri a sanyin dutse. A sa ƙunshin garin tsotse laima a ciki, a duba robar murfin, domin kurmin Gashaka na samun ruwa kusan milimita 2,000 a shekara, laima na shiga ta rufe gilashin. Tururuwa ma na gida a ciki in an bar kafa. A saita kwanan wata da lokaci kafin a tafi, hoton da ba kwanan wata rabin amfaninsa ya tafi. Tsakanin kyamara da kyamara kilomita ɗaya zuwa biyu, a bar su wata ɗaya zuwa biyu.

Da rani kuma a share kewayen bishiyar har ƙasa. Wuta ta fi ɓarawo cin kyamara.

Ummi: Yaya Sani, ina ne ya fi kyau a ɗaura? Kuma gogo ba ya cire ta?

Sani Mai Kyamara: Mahaɗar hanyoyin dabbobi, wurin lasar kanwa, mashaya, gindin ɓaure mai zubar da 'ya'ya, da kan tudu inda damisa ke bi. Amma in ƙidaya ake so ba hoto mai kyau ba, dole a bi tsarin taswira ko da wurin bai burge ka ba. Gogo kan juya ta, ya lashe gilashin. Akwatin ƙarfe da igiyar waya mai kwaɗo ne maganinsa.

Ɗan Serti: Tunda an zo kan na ƙasa, aladun daji uku ne a gandun kuma ana yawan cakuɗa su. Gadu na fili ne, da rana yake kiwo, yana durƙusawa kan gwiwa, in ya ruga wutsiyarsa a tsaye. Jan aladen kurmi ja ne, da farin layi a gadon baya da tuntu a bakin kunne, da dare yake fita, yana tone ƙasa sosai. Babban aladen kurmi baƙi ne mai gashi, ya fi su duka girma, ciyawa da ganye ya fi ci, ba ya yawan tono, kuma garken na da wuri guda da suke tara kashi. Sawun damisa da na kura ma: na kura farce na fitowa, na damisa ba ya fitowa, kuma bayan tafin damisa kashi uku yake.

Malama Rabi: An bar tsuntsaye a baya, alhali su ne abin da baƙo ba zai rasa ba. An rubuta sama da iri 500 a Gashaka-Gumti. Amma na musamman ɗin, waɗanda ba a samu a ƙasar Hausa, suna kurmin kan dutse ne, daga wajen mita 1,400 zuwa sama. Mafi sauƙin kaiwa shi ne Ngel Nyaki a kan Mambila, kusa da ƙauyen Yelwa, ba sai an yi kwanaki ana hawan Chappal Waddi ba. A can akwai marai na Bannerman, rawaya mai baƙar fuska da bayan kore, bakin kurmi yake bi ba tsakiya ba. Akwai sha-kauci iri-iri na dutse a kan furanni. A ƙasan kurmin akwai wani mai ruwan lemo da ake kira da sunan Crossley, yana tonon busasshen ganye, da wuya ka gan shi sai dai ka ji waƙarsa da asuba. Wawan kurmi babba mai shuɗi kuma, tsawonsa ya kai santimita 70, da baƙin tukku da baki rawaya mai jan tsini, shi ba ya ɓuya, kukansa ya cika kwari.

Ƙidayarsu a tsaye ake yi. Ka zaɓi wurare masu tazarar mita 200 zuwa 250, ka tsaya minti biyu daji ya lafa, sannan minti 10 kana rubuta duk wanda ka gani ko ka ji. Daga fitowar alfijir zuwa wajen ƙarfe tara. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi 10x50 a kurmi, ya fi sauƙin riƙewa kuma filin kallonsa ya fi faɗi. Ranar iska ko hazo mai kauri a haƙura. Kuma kada a yawaita kunna kukan tsuntsu a waya don jawo shi, namiji kan bar sheƙa ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi.

Abba: Anti Rabi, an ce har wawan kurmi na Bannerman mai jan tukku yana Mambila.

Malama Rabi: A'a Abba, an haɗa maka biyu ne saboda sunan ɗaya. Marai na Bannerman yana Mambila da Obudu. Wawan kurmi na Bannerman kuwa na tsaunukan Bamenda ne a Kamaru, musamman dutsen Oku, inda ake soka jan gashinsa a hular masu sarauta. Wanda ake gani a ɓangarenmu mai kore ne da koren tukku, shi ma fiffikensa ja ne in ya tashi, shi ke ruɗar mutane. Jan nan daga sinadarin tagulla yake, dangin wawan kurmi kaɗai ke da shi. Sannan a lura da wata: daga Oktoba zuwa Afrilu akwai baƙi daga Turai, ƙananan da nauyinsu bai fi giram 10 ba. Ƙidayar Janairu da ta Yuli ba za su zo ɗaya ba, ba don wani abu ya lalace ba.

Malam Buba: Kada dai mu rufe gaskiya da daɗin baki. Baban Sadik bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Giwa ta bar gandun, kyarkeci ma haka, zaki kuwa an daɗe ba a tabbatar da shi ba. Manyan namun ɓangaren Gumti sun ragu ƙwarai. Dalilan a fili suke: tarkon waya, wanda ba ya zaɓe, wanda aka ɗana wa gada shi ke cire wa biri mai ganga hannu, haƙar ma'adinai, saran madobiya da ya mamaye Taraba da sauran Afirka ta Yamma har aka sa itacen cikin yarjejeniyar taƙaita cinikinsa ta duniya a 2017, sai shanu da wuta. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandun kan sintiri da horar da masu gadi. Amma a kan dutse, wuta ce babbar matsala. Kowace shekara tana cin bakin kurmi taku kaɗan, shanu su bi su tattake tsiron da ya rage.

Jauro: Malam Buba, Allah ya ba ka haƙuri, a nan zan ja. Makiyayan Hendu da Selbe da Filinga ba kutse suka yi ba, doka ta san da ƙauyukansu a cikin gandun. Abin da ya kai shanu kan dutse sananne ne, babu tsando a can. Kuma ƙuna ba ɓarna ake nufi da ita ba, tsohuwar ciyawa ba ta da amfani ga saniya, sai an ƙone sabuwa ke tohowa, tana kuma rage kaska. In aka hana wuta ɗungurungum, ciyawa ta taru shekara biyu uku, ranar da ta kama ba mai tare ta, kurmin ma sai ta shige shi.

Malam Buba: Ranka ya daɗe, ban ce a hana ba. Lokaci ne matsalar. Ƙunar wuri, ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, ciyawa na da sauran danshi, wutar na tafiya a hankali, tana tsallake wurare, raɓar dare ta kashe ta. Ƙunar Fabrairu da Maris kuwa komai ya bushe, ga iska, harshenta na kai wa rassa. Itatuwan fili suna da ɓawo mai kauri, sun saba. Na kurmin dutse ɓawonsu siriri ne, wuta ɗaya ta ishe su. Abin da ke aiki: a share layi mai faɗin mita 5 zuwa 10 a kewayen kurmi kafin ciyawa ta bushe, a kunna da yamma ba da tsakar rana ba, a fara daga bakin layin wutar ta yi nesa da kurmin, kuma a kan gangare a kunna daga sama ta gangaro, domin wutar da ke hawa tudu ninka gudu take yi.

Jauro: Wannan kam babu musu. Sai dai share layin nan aiki ne na mutum da yawa, kuma lokacin ya zo daidai da sauko da shanu kwari. In ba a zauna da ardo an tsara wa zai yi ba, a takarda zai tsaya.

Malama Hauwa: Kuma ko an tare wuta, kurmi ba ya dawowa shi kaɗai, a nan dabbobin suka shigo. A Ngel Nyaki, inda Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury ta New Zealand ta kafa tashar bincike, an killace wasu filayen ciyawa daga shanu da wuta don a ga yadda za su farfaɗo. Ƙananan iri tsuntsaye ke kawowa, shi ya sa tsiro ke fara fitowa a ƙarƙashin bishiyar da ta tsaya ita kaɗai a fili, inda suke sauka. Manyan iri kuwa sai mai babban maƙogwaro: biri mai ganga, baƙin biri, manyan cilakowan kurmi. Gafiya ma na binne iri ta manta da wasu. Garken biri mai ganga na Ngel Nyaki ƙarami ne kuma a ware yake. In ya ƙare, manyan itatuwan za su ci gaba da tsayuwa shekaru, kowa na ganin kurmi lafiya lau, alhali 'ya'yansu na zubewa a gindi suna ruɓewa. Shi ya sa mai duba lafiyar kurmi ke ƙirga ƙananan tsiro, ba manyan itatuwa kaɗai ba. Itacen zaiti, wato turare, da aka cika Mambila da shi ba ya maye wannan gurbi, ba ya ba biri ko wawan kurmi abin ci.

Baban Sadik: Na gamsu, Allah ya saka. To wanda zai je, yaushe, kuma kwana nawa?

Ɗan Serti: Disamba zuwa Maris. Da damina koguna na cika, ƙetare kogin Kam kan gagara, hanyar cikin gandu ta lalace. A fara da ofishin gandun a Serti, a biya kuɗin shiga, a ɗauki mai gadi, ba a shiga ba tare da shi ba, kuma a tambaye su halin tsaro na ɓangaren da ake son zuwa kafin a baro gida. Kwana biyu ba ya isa. A ware aƙalla uku a kurmin ƙasa don birai, biyu a Ngel Nyaki don tsuntsaye; hanyar ta Mayo Selbe ce, a hau dutsen zuwa Maisamari. Tufafi masu ruwan ƙasa ko kore, masu dogon hannu, ban da baƙi da shuɗi don tsando na bin su. Wando a cusa cikin safa saboda kaska da kwarkwasa. Rigar sanyi mai kauri dole ce a kan Mambila, daren hunturu a can ba wasa ba ne. Mutum uku zuwa huɗu a tawaga, fiye da haka surutu ke korar komai.

Malama Rabi: Mai neman tsuntsaye kuma ya fi kyau ya matsa zuwa Maris ko farkon Afrilu. Hazon hunturu ya janye, baƙin Turai ba su gama tafiya ba, na gida kuma sun fara waƙar neman aure da ruwan farko. Sai dai ya riƙe leda mai zip don littafin rubutu da madubi, ya kuma yi rubutu da fensir, tawadar biro na zuba in takarda ta jiƙe.